Yadda ake tsare masara daga gubar fumfuna, tun daga gona har tukunya

Bara da kaka na tarar da kawuna a wani ƙauye kusa da Tsafe ya zube masara a ƙasa, ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, wasu ƙwayoyin sun yi kore-kore kamar an barbaɗa musu garin kuka. Na ce, "Kawu, wagga ba ta ciyuwa." Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, abin da za a ɗora bisa wuta?"

To, a nan gizo ke saƙar. Gubar da wannan fumfuna ke fitarwa, wadda masana ke kira afulatoksin, ba ta jin wutar murhu, kuma harshe ba ya gane ta a tuwo. Hanta take ci a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma haɗarin kan ninka sau da yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Idan ta yi yawa ma ba ta jira: a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya, akasari daga masarar gida. Ga abin da za a yi.

Da farko, a gona. Fari da ƙwari ke buɗe wa fumfuna ƙofa. Wanda ya samu Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ya watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da kai.

Na biyu, shanya, kuma nan ne aikin yake. Na san halin rashin tsaro da ake ciki a yankunan Ɗansadau da Maru, tsoro kan sa mutum ya karyo masara ba ta gama bushewa ba. Ba laifinsa ba ne, amma kada ya tara ta tsibi guda ta kwana tana gumi. A ɓare bawon, a baza bisa tamfol ko daɓen siminti, ban da tsurar ƙasa. A riƙa juyawa, da yamma a kwashe ko a rufe saboda raɓa. Wajen sussuka a sassauta duka, don fasasshiyar ƙwaya ita fumfuna ke fara kamawa.

Yaya za a gane ta bushe? Danshin da ake so kada ya wuce kashi 13 cikin 100, amma wa ke da na'urar awo a ƙauye? A samu busasshiyar kwalba, a zuba tsaba kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau. A rufe, a girgiza, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, masara ta koma rana. Gwajin haƙori, wato cizon ƙwaya a ji taurinta, yana taimakawa, sai dai na fi yarda da gishirin.

Na uku, ajiya. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana toshe iska, amma busasshiyar tsaba kaɗai ake sa masa. A ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango. Rumbu kuwa a share tsohon hatsi, a gyara jinka.

Na huɗu aikin uwargida ne. A zauna da faifai a tsince duk ƙwayar da ta sauya launi, ta yamutse, ko ƙwaro ya huda. A surfa, a bakace dusa, a wanke, a kwashe wadda ta taso saman ruwa. Musamman kunun yara, don ana danganta gubar da tsumburewarsu.

Abin da aka tsince fa? Kawu cewa ya yi a ba saniya. A'a, gubar tana fitowa a nono, ta komo gida cikin fura. Kada kuma a haɗa da mai kyau a kai kasuwar Gusau, ko a bayar sadaka. A ƙone, ko a haƙa rami mai zurfi a binne.