Yadda na kwashe shafin intanet zuwa Word ba tare da ƙ da ɗ sun lalace ba

Wani dogon rubutu kan tarihin ganuwar Kano nake so in buga wa mahaifina a takarda, domin idonsa ba ya jure hasken waya. Da farko na danna Ctrl+S na adana shafin, sannan na buɗe shi a Word. Abin da na gani ya ɓata mini rai: duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É—. Rubutun Hausa ba ya karantuwa a haka.

Dalilin shi ne shafin da tsarin adana haruffa na UTF-8 aka rubuta shi, inda kowane harafi mai lanƙwasa ke cin bayit 2 (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta). Aka karanta fayil ɗin da tsohon tsarin haruffan Turai, sai aka raba harafi ɗaya gida biyu.

Sai na bar adanawa gaba ɗaya. Na buɗe shafin a Firefox, na danna F9, tallace-tallace da jerin mahaɗan gefe suka kau, rubutu zalla ya rage. Na kwafa, na liƙa a Word da zaɓin Merge Formatting, don haruffa masu kauri su tsira. Haruffanmu suka fito lafiya lau.

Hotuna uku ne, su kam ɗaya bayan ɗaya na sauke su na saka da hannu. Na mai da girman rubutun 16 saboda Baba, na adana a .docx.