Kurakuran da aka fi yi wajen shiga ajin 'yan koyo a Kaduna don neman abin sha'awa

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san garin bai rasa wuraren koyo ba. A Tsohuwar Panteka akwai kafintoci da masu walda da maƙera, a Kasuwar Barci akwai teloli, a harabar gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu akwai masu sana'ar hannu, a Filin Murtala kuma ana motsa jiki tun da sassafe, ban da gidaje a cikin unguwanni inda mata ke koyar da gashin kek da saƙa da zanen lalle. Duk da haka, sau da yawa ma'aikaci ko ɗan fansho ko uwar gida da yaranta suka tasa za su shiga aji da zumuɗi, bayan mako biyu su janye suna cewa ba su da basira. A iya abin da na gani, da wuya basira ta zama ita ce matsalar.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɓoye manufa. A al'adarmu mutum yana jin nauyin ya ce yana koyon abu don ransa yana so kawai, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce, "To, me za ka samu a ciki?" Saboda haka sai ya je wurin tela ko kafinta ya ce ya zo koyon sana'a, shi kuma maigidan ya ɗora shi a kan tsarin da ya sani: zuwa tun safe har yamma, sharar shago, aike, guga, da watanni na kallo kafin a ba shi almakashi. Wannan tsari yana da hikimarsa, domin an gina shi ne don a fitar da wanda zai ci abinci da sana'ar har tsawon rayuwarsa, amma bai dace da mai neman sa'a biyu na hutun rai a mako ba. Gyaran shi ne a faɗi gaskiya tun ranar farko, cikin ladabi: "Maigida, ni ba shago zan buɗe ba, so nake in iya ɗinka 'yar rigata da ta yara, kuma Asabar kaɗai nake da sarari." Daga nan sai a yi ciniki a kan waɗannan sa'o'in. Wani malamin zai ce shi ba ya koyar da haka, kuma gara a ji wannan amsar da wuri. Wani kuwa zai yi murna, domin babban mutum mai biyan kuɗi da zuwa a kan lokaci ya fi masa sauƙin koyarwa. Tun watan Disamba na 2021 da gwamnatin jihar ta fara tsarin aikin kwana huɗu a mako, ma'aikatan jiha da yawa suka samu sararin safiyar Juma'a, kuma lokaci ne da ya kamata a tambaya ko malamin zai iya ware wa mutum.

Daga nan sai gaggawar fitar da kuɗi. Mutum bai taɓa taka keken ɗinki ba amma ya sayi sabo, ko ya sayi kyamara mai tsada, ko ya biya kuɗin wata uku a dunƙule saboda an ce akwai rangwame. Ƙanwata ta taɓa biyan irin wannan kuɗi a wani ajin gashin kek da ta gani a Instagram, sai ta tarar na'urar gashi ɗaya ce ga ɗaki cike da mata, wadda ke cikin hotunan tallan kuma ba ita ke koyarwa ba, yarinyarta ce. Ta gama wata guda ba ta kwaɓa fulawa da hannunta ba, abin ya kuma ɓata mata rai ƙwarai. Gani ya kori ji, don haka a nemi izinin zama rana ɗaya a yi kallo kafin a biya, a ƙirga masu koyo a kuma ƙirga kayan aiki, a tambaya wa ke koyarwa, da ko kuɗin ya haɗa da yadi ko fulawa ko yumɓu, da yadda ake yi idan aka ɗauke wuta. A biya na wata ɗaya, a ari kayan aiki ko a yi amfani da na wurin, sai sha'awar ta tabbata sannan a je kasuwa.

Mutane kuma suna raina nisa. Kogin Kaduna ya raba garin biyu, kuma wanda ke zaune a Kawo ko Mando ya yi rajista a Barnawa, ko ɗan Rigasa da ya zaɓi aji a Malali, zai hau abin hawa biyu ko uku a zuwa, haka a dawowa. A makon farko zumuɗi yana ɗaukar wannan nauyi, a mako na uku kuɗin mota da cunkoson yamma su ne ke yanke hukunci. Kafin a yi rajista, a gwada tafiyar a daidai lokacin da za a riƙa yin ta, a ga ko za a iso gida kafin magariba. A kuma dubi lokacin shekara: ruwan Agusta yana hana fitar yamma, sanyin hunturu yana korar mai koyon ninkaya daga ruwa, watan azumi kuma yana sauya tsarin kowane gida. Malami matsakaici a cikin unguwa ya fi gwani a ƙetaren gada amfani ga ɗan farawa, domin shi ne za a iya zuwa wurinsa kowane mako.

Wasu suna shiga aji uku a lokaci guda don su gwada duka, alhali taura biyu ba ta taunuwa. A ɗauki ɗaya, a rubuta sauran a ajiye.

Akwai kuma ruɗewa tsakanin sha'awar kallo da sha'awar yi. Kulob ɗin folo (wasan ƙwallon dawaki) na Kaduna, wanda aka kafa a 1918, yana tara jama'a lokacin gasar kofin Georgian, kuma wanda ya ga mahaya suna sukuwa zai iya jin cewa hawan doki ne abin da ya daɗe yana nema. Amma darasin farko ɗaura sirdi ne da riƙon linzami da daidaita ƙafa a likkafa, sannan ciwon cinya na kwana biyu. Haka kowane fanni yake: mai koyon ɗinki yana farawa da taka keke ba zare yana bin layi a kan takarda, mai ginin tukwane yana shan cuɗar yumɓu sannan ya jira abin da ya gina ya bushe kafin a gasa, wani lokacin ma ya tsage a wuta, mai koyon ninkaya kuwa yana kwashe kwanaki yana koyon fitar da numfashi a cikin ruwa a gefen da ba zurfi. Wanda ya yanke hukunci a rana ta farko bai ga komai ba tukuna. Ina ba da shawarar zuwa sau biyar ko shida, kuma a lokacin kada mutum ya auna kansa da kyan abin da ya yi. Ya lura ko lokaci yana wucewa bai sani ba, da ko yana tuna aikin idan ya koma gida. Idan abin da ya gundure shi tsawar malami ce ko wulaƙanci, to ya sauya malami, ya ci gaba da fannin. Dattijon da ya tsinci kansa a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa kuma kada ya ji kunyar tambaya, gemu ba ya hana ilimi.

Mata da yawa suna biyan kuɗi kafin su tambaya ko akwai malama mace ko lokacin da aka keɓe wa mata, musamman a wuraren ninkaya da motsa jiki, sai su gano daga baya cewa ba za su iya sakewa ba. Wannan tambaya ce ta ranar farko, haka ma shawara da mutanen gida a kan wanda zai kula da yara a waɗannan sa'o'in. Game da ninkaya, a tabbatar akwai mai ceto a bakin ruwan duk lokacin darasi, kuma kada a yarda wani ya kai ɗan koyo kogi da sunan sauƙin kuɗi.

Idan bayan gwaji mutum ya ga abin bai kwanta masa ba, kada ya ɓace ya daina ɗaga waya, kamar yadda da yawa ke yi. Ya je ya yi wa malamin godiya da sallama, ya mayar da duk abin da ya ara, ya biya abin da ya rage. Masu sana'a a Kaduna sun san juna, kuma sau da yawa telar da aka yi wa sallama ta mutunci ita ce za ta ce, "Hajiya, ai na lura hannunki ya fi karkata ga saƙa, bari in haɗa ki da wata a nan bayan layinmu."