Sandar na'urar wasa ta hannu: kurakuran da ke mai da ƙaramin gyara babba

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke lulluɓe Yamai, mai Switch ko Steam Deck yakan ɗauke yatsa daga kan sanda, amma ɗan wasan da ke allo ya ci gaba da tafiyarsa. Da yawa a nan suke yanke hukunci cewa sanda ta mutu, su nemi sabuwa. Wannan ne kuskuren farko, don ba a gano ciwon ba tukuna.

A cikin sandar da aka saba sa wa waɗannan na'urori akwai layuka biyu na kabon, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama, da ɗan harshen ƙarfe da ke goga kowanne. Inda harshen ya tsaya, nan na'ura ke karanta matsayin sanda. Idan kabon ya goge, ko ƙura ta shiga tsakani, sai karatun ya rikice. Don haka kafin ka taɓa sukuru, shiga wurin daidaita sanda a saitin na'urar. A Switch mai Faransanci yana ƙarƙashin Manettes et capteurs. Saki sandar ka zuba wa alamar ido. Idan ta tsaya cak amma a gefen tsakiya, sake daidaitawa kawai na iya wadatarwa. Idan tana rawa ko tsalle, datti ne ko kabon ya cinye. Idan kuwa sandar da kanta ba ta komawa tsakiya da ƙarfi, sifirin ne ya saki, kuma babu wankin da zai gyara shi.

Wajen wanki ake yawan yin ɓarna. Fetur yana cin roba. Man feshi na kwance tsatsa yana barin maiƙo, maiƙon ya kama ƙura ta zama taɓo a kan kabon, sanda ta yi kwana biyu lafiya sannan ta dawo fiye da da. Alkol na farmasi mai digiri 70 kuma ruwa ya yi masa yawa. Abin da ya dace shi ne isopropil mai kashi 90 zuwa sama. Kashe na'urar, ka tura sandar Joy-Con (hannun Switch da ake zarewa) gefe, za ka ga wani siririn lulluɓin roba a ƙarƙashin hularta. Ɗaga shi da tsinken sakace, ɗiga digo ɗaya ko biyu, juya sandar zagaye na kamar daƙiƙa 30, ka bar ta ta bushe minti 10. Idan ciwon ya dawo cikin mako, kabon ne ya ƙare, a daina wanki.

To, an zo buɗewa, kuma gaskiyar magana yawancin na'urorin da suka lalace a teburin gyara a nan suke lalacewa. A murfin bayan Joy-Con sukuru 4 ne masu kai mai reshe uku, sukudireban Y00 suke so. Ƙarfensu laushi ne da shi. Mai gyaran salula da ya danna musu mai kan gicciye zai share kan sukurun, daga nan sai haƙa. Danna sosai, juya a hankali. Idan murfin ya saki kada ka fizge shi, buɗe shi gefe, don akwai falayen waya biyu da ke haɗe da shi. Kowane falle yana shiga gida mai ɗan ƙaramin murfi. Sai an ɗaga murfin da farce ko tsinken roba sannan a zare fallen. Wanda ya ja da ƙarfi ko dai ya yaga fallen ko ya ɓalle gidan daga allon lantarkin da ke ciki, gyaran sanda ya koma aikin dalma. Akwai kuma siririn baƙin zobe manne a bakin ramin sandar. Mutane na ɓare shi su yar, alhali shi ke tare ƙura.

A Steam Deck na 2022, cire katin microSD kafin komai, in ba haka ba murfin baya zai karya shi gida biyu. Sukurun baya 8 ne, 4 dogaye 4 gajeru. Zana hoton bayan a takarda ka aza kowanne a mazauninsa, don dogo a ramin gajere yana fasa roba. Steam Deck samfurin OLED na 2023 kuwa sukurunsa masu kan tauraro ne, T6. Kowace na'ura ce, bari cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, kuma batir ne farkon abin da za a zare. Batirin da zafin Afrilu da Mayu ya kumbura shi, ba a danna shi, ba a zungurarsa da ƙarfe. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, jiki na tara lantarki. Taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka kai hannu kan allon lantarkin, kuma kada a yi aikin a kan bargo.

Sayen abin da bai dace ba shi ma yana cin kuɗi, musamman da yake sau da yawa sai an yi odarsa daga waje an jira. Steam Deck na farko yana da sanda iri biyu, A da B: duba lambar Controller ID a saiti, MEDA na nufin A, MHDA na nufin B. Ta OLED daban ce. A hular akwai siririyar waya da ke gane taɓin yatsa, idan sabuwar ba ta zo da hularta ba sai an liƙa wayar da dalma. Switch Lite na 2019 irin sandar Joy-Con gare shi, amma ta dama tana ƙarƙashin babban allon lantarki, sai an ciro shi. Wanda bai saba ba ya kai wa mai hannu.

Sai maganar sandar Hall, mai aiki da maganaɗisu. Babu abin da ke gogar wani wajen karatu, don haka ciwon cinyewar kabon ya ƙare. Iyakar alƙawarinta ke nan. Sifirin na nan, roba na nan, suna tsufa, kuma mai arha tana iya fin ta asali rawa a tsakiya. Bayan sa ta dole a daidaita: a Switch ta saiti, a Steam Deck ta buɗe Konsole, manhajar rubuta umarni, a rubuta thumbstick_cal. Wasu kan tsallake wannan su faɗaɗa yankin tsakiya da na'ura ke kau da kai daga gare shi har sanda ta yi shiru. Rawar za ta ɓuya, amma ƙaramin motsi ya tafi, saiti a wasan harbi ko lanƙwasa a tseren mota su yi wuya. Ƙara shi kaɗan kaɗan, da rawar ta tsaya ka tsaya.

Game da yadda sanda ke ji a yatsa, doguwar hula tana sa ta yi laushi, saiti ya yi kyau, amma tana ƙara nauyi a kan gindinta, kuma a cikin jaka tana kwana a danne har sifirin ya gaji. A cire ta kafin a ajiye. Idan wuyan sanda na goga bakin rami yana fitar da farin gari, siririn zoben silikon a wuyan ya fi mai, don kowane mai a garin nan kiran ƙura yake yi.

Kafin ka mayar da sukuru, haɗa batir, kunna, gwada sandar ta kowane ɓangare, danna ta ka ji ƙarar ciki, gwada maɓallan kafaɗa. Fallen da bai zauna daidai ba a nan yake nuna kansa.