Matoshin kunne a wurin biki: kurakuran da na gaji da gani

Tun da bukukuwan Gombe suka bar ƙofar gida suka koma ɗakunan taro masu tayil da gilashi, hira a wurin dina ta zama aiki. DJ ya jera sifikoki kusurwa-kusurwa, MC na ihu a makirfo, janareta na ruri a baya, sai ka ga mutum biyu a tebur ɗaya kowa na kai bakinsa kunnen ɗan'uwansa. Sana'ata ɗaukar hoto ce, a cikin wannan hayaniyar nake neman abincina, kuma na daɗe ina sa matoshin kunne. Yanzu yaran da ke bin mu aiki, masu riƙe fitila da masu bidiyo, har da wasu ƙawayen amare, sun fara saye. Na ji daɗin haka. Abin da ke ba ni haushi, kuskure iri ɗaya suke ta maimaitawa, bayan kwana biyu su wurgar su ce yaudara ce.

A fara gane abu ɗaya: matoshi ba ya tsamo muryar abokinka daga cikin kiɗa ya ƙara mata ƙarfi. Kiɗan da maganar duka yake ragewa. Amfaninsa ga hira daga wani wuri yake zuwa. Kunne idan ƙara ta yi masa yawa, sautuka cakuɗe masa suke yi, ya kasa rarrabewa. A ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel, hirar yau da kullum ba ta wuce wajen 60, amma gaban sifikar biki tana iya kaiwa 100, har ta haura. Idan aka sauke komai ƙasa kaɗan, sai kunne ya dawo inda yake iya aikinsa, maganar na kusa da kai ta fito. Kaɗan ake so, kuma a rage kowane sauti daidai da ɗan'uwansa.

Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami. Yaro zai shiga shagon kayan aiki ko kemis ya ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi, a miƙo masa na soso, mai ruwan lemo ko ɗorawa, an rubuta 32 ko 33 a jikin ledar, wato yawan desibel da aka ce yana ragewa, ya fito yana murna ya samu mai babbar lamba. Wannan na masu injin yanka katako ne da masu niƙa, ko wanda ke son barci kusa da janareta. Soso ya fi danne siririn sauti a kan mai kauri, kuma a siririn sautin nan ne baƙaƙe irin su s da sh da f da ts suke. Dukan gangar da ke girgiza ƙirji kuwa ratsawa yake yi abinsa. Sakamakon shi ne ka ji tashi da saukar muryar mutum, ka san tambaya yake yi ko umarni yake bayarwa, amma kalmomin sun narke. Mu Hausawa abin ya fi yaudararmu, domin karin maganar na isowa lafiya lau, sai ka ɗauka ka ji alhali ba ka ji ba.

Ni wannan kuskuren ya ci mini kuɗi da mutunci. A wata dina, soso na cushe a kunnuwana, goggon amarya ta jawo hannun rigata ta yi mini magana tana nuna wani tebur. Na ce, "To Goggo, an gama." Na zaci cewa take a zo a ɗauke su idan an samu sarari. Ashe cewa ta yi mutanen Dukku za su tashi yanzu saboda dare, kakar amarya na cikinsu, a fara ɗaukarta da jikarta kafin komai. Ina can wajen yankan kek suka shiga mota. Ranar kai hotuna uban amarya ya buɗe ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya ɗago ya ce, "Malam, ina na Inna?" Babu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cikon kuɗina ban iya buɗe baki na tambaya ba, gidan nan kuma sun aurar da wasu bayan haka, wani suka kira. Saboda haka idan na ga yaro da soso a kunne yana gyaɗa wa Hajiya kai yana murmushi, raina ɓaci yake yi. Kai, ba ka ji abin da ta ce ba! Cire, ka ce ta maimaita.

Maganinsa shi ne ka nemi mai matacin sauti, na roba mai laushi da ɗan rami a tsakiya. Makaɗa aka fara yi wa irinsa, don su ji kiɗansu yadda yake amma a sassauce. Kamfanin Etymotic na Amurka na da ER20, yana rage kusan desibel 20. Loop na ƙasar Beljiyam na da samfurin Engage da aka yi musamman don hira, yana rage wajen 16. Ni tsakanin 15 da 20 nake zama, ban taɓa buƙatar fiye da haka a ɗakin biki ba. Da wuya ka same su a kasuwar nan, yawanci ta intanet ake sayowa ko a yi sautu daga Abuja ko Legas. Idan ka ga wanda ya yi araha fiye da kima, duba shi da kyau, wani roba ce zalla aka huda, babu mataci a ciki. Na soson kada ka jefar, ajiye shi don ranar da aka tsayar da kai gaban sifika kuma ba ka da wanda za ka yi wa magana.

Kuskure na biyu da ke ƙona mini rai shi ne na murya. Da ka toshe kunne, muryarka za ta cika maka kai, kamar mai magana cikin randa. Sai ka ɗauka ihu kake yi, ka sassauta. Kai kana jin kanka raɗau, wanda ke gabanka kuwa motsin leɓe kawai yake gani. Akwai yaron da ke riƙe mini fitila, mai hankali ne, amma da ya sa matoshi sai ya koma raɗa. Zan ce masa, "Me ka ce?" sau uku, shi kuma yana mamakin yadda Oga ya kurumce. Abin da nake yi, da na sa sai in tambayi na kusa da ni, "Kana ji na haka?" in ɗaga har ya ce e, sannan in riƙe wannan ma'aunin duk daren ko da a kaina ya yi kama da faɗa. Tura matoshin ya zauna ciki sosai shi ma yana rage wannan amon, wanda ya tsaya a bakin kunne ya fi kawo shi. Taunar nama da cincin ma za ka ji ta cika maka kai. Wannan ba lalacewa ba ce, haka abin yake.

Sai masu sa matoshi su je su zauna a teburin da ke jikin sifika, wai ai sun kare kansu. Wace hira za ka ji a can? A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, ƙarar na sauka da kusan desibel 6. A cikin ɗaki ba ta kai haka saboda bango da tayil na dawo da ita, amma duk da haka ƙarshen ɗaki ya fi gaba nesa ba kusa ba. Ka ba sifika baya, ka fuskanci mai magana, ka zauna inda haske ke kan fuskarsa domin ido na taya kunne fiye da yadda muke zato. Idan maganar kuɗi ce ko ta lokaci, ku fita waje. Ni yanzu ba na karɓar umarnin aiki a cikin ɗakin rawa, ko wane ne.

Masu cewa minti nawa ne bikin, su yi lissafi. A ma'aunin NIOSH, cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, kuma duk ƙarin 3 na raba lokacin biyu. Kafin ka kai 100 saura minti 15. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro da nishaɗi, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce 100. Dinarmu kuwa awa uku ce, wata huɗu. Wannan "wiii" da ke raka ka gida bayan biki, kunne ne ke gaya maka ya sha wuya.

Sauran ƙanana ne. Auduga da tishu ba sa tare komai na kirki, ɓurɓushi kawai suke bari a ciki. Iyafis mai kashe ƙara ya fi iya rurin da ba ya canzawa, irin na janareta ko injin mota, ba a yi shi don kiɗan biki ba. Sa wa kunne ɗaya a bar ɗaya, wanda aka bari shi ke shan dukan. Wajen sawa, zagaya hannu ta saman kai ka ja kunnen sama da baya kafin ka tura, in na soso ne ka murza shi ya sirance, ka riƙe wajen daƙiƙa 30 ya kumbura. Wajen cirewa a hankali, kana murɗawa, ban da fizga. Ban da aron na wani. Ban da jefa shi aljihu tare da canji da goro, yana da ɗan gidansa. Na roba a wanke da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe. Kada ka hau babur ko ka tsallaka titin Tashar Dukku da shi a kunne. Kuma ka sa tun kafin ka shiga ɗakin, ka ba shi ɗan lokaci, mintunan farko kowa jin su yake wani iri.

Akwai kuma waɗanda abin ya yi wa daɗi har suka mai da shi ɗabi'a, a majalisa, wajen mai shayi, har cikin gida. Inda ƙara ba ta kai ta sa ka ɗaga murya ba, matoshi rage maka ji kawai zai yi. Yawan zama da shi a wuri shiru na iya sa kunne ya daina jure ƙarar da a da ba ta dame shi ba.

Na ƙarshe, da manya nake, cikin girmamawa. Wani abokin mahaifina ya gan ni da shi a wata walima a Pantami, ya ce in sayo masa, wai shi ma in taro ya cika ba ya gane magana. Na ce, "Baffa, a gida fa, kana jin jikokinka sosai?" Ya yi shiru, sannan ya ce sai sun maimaita, talabijin ma ana cewa yana ƙure ta. Ban sayo masa ba. Wanda jinsa ya riga ya ragu, yawanci siririn sautin ne ya fara tafiya, matoshi kuma zai ƙara kwashe ɗan abin da ya rage masa. Wani ma datti ne ya taru ya toshe, tura roba ƙara danna shi ciki zai yi. Irin wannan, da mai ciwon kunne, da wanda kunnensa ke zubar da ruwa, da wanda ƙarar kunne ta ƙi barinsa, asibiti za su je a auna. Na ce wa ɗansa ya kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya, a fara duba ko wanki kawai kunnen ke buƙata kafin a yi maganar na'urar ƙara ji.