Hasken arora: yadda zaka ganshi kuma ka ɗauko shi a hoto

Tun da hotunan koren hasken nan na sama da ake kira arora sunka cika Facebook a watan Mayu na 2024 yara ke shigowa shagona na hoto nan Sakkwato suna tambaya wai gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne. Gaskiya ne wallahi, da idona na ganshi a Turomso ta ƙasar Nowe lokacin da na je wurin ƙanena da ke karatu can. Rana ce ke feso wasu ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya shi jawo su ƙuryar arewa da ta kudu, su ci karo da iskar sama sai wuri ya haske. Koren daga oksijin ne, wajen kilomita 100 zuwa sama, ja ya fi shi nisa, shuɗi da shunayya kuma na naitirojin ne.

To mu nan kar ma ka ɓata barcinka, Sakkwato na wajen daraja 13 ne arewa da tsakiyar duniya, Turomso kuwa ta kusa 70. Dole sai an yi tafiya, ko Abisko ta Suwidin, ko Robaniyemi ta Finlan, ko Aisilan, duk bizar Shengen guda, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta ishe ka. Lokacinshi daga Satumba zuwa Maris, don da bazarar su dare baya duhu sam. Ka duba kalandar Musulunci ka sa tafiyar ta faɗo ƙarshen wata ko farkonshi, farin wata na sha huɗu shina dusashe hasken. Kuma ka ware kwana huɗu ko biyar, don hadari guda sai ya rufe maka sama dare biyu.

Amma abin da nike son in ja kunnenku a kai shi ne, ku koyi kyamara tun nan gida. Can ba wurin koyo bane, sanyin ya wuce hunturun da munka sani, yana iya kaiwa 15 ko 20 ƙasa da sifiri, in ka cire safar hannu minti biyu yatsunka sun daina jin maɓalli, shi kuma hasken wani sa'in minti goma kawai zai yi shina rawa ya ɓace. Don haka bayan damina, kafin hazo ya sauko, ɗauki kyamararka ka fita bayan gari, hanyar Kware ko wajen Wamakko inda ba fitilu, ka yi ta ɗaukar taurari. Sa kyamara bisa ƙafa uku, maida ta manuwal, buɗe lens ɗin har f/2.8 ko iyakar inda ya tsaya, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 1600 zuwa 3200, shota kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, sakan 5 zuwa 15. Kashe otofokas, nemi tauraro mai haske ka murza zoben fokas na lens da hannu har ya zama ɗan ɗigo tsaf, sannan ka sa taima na sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta. Ranar da ka ɗauki kaza da 'ya'yanta sunka fito ɗaya-ɗaya ba tare da ka kunna tocila ka nemi maɓalli ba, to hannunka ya faɗa.

In ka isa can saitin kusan ɗaya ne, sai dai in hasken na gudu da sauri ka rage shota zuwa sakan 2 ko 3, in ba haka ba zai fito kamar an zuba koren fenti, layukan nan masu kama da labule duk su narke. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata matse ba. Kuma ka saka dutse ko icce ko ɗan gida cikin hoton, sama zalla bata nuna girman abin.

Akwai manhajoji na waya masu nuna lambar Kp mai auna ƙarfin motsin maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9, a Turomso ko 2 ko 3 ya isa, hasashen hadari shi ya fi muhimmanci. Ka fita daga goma na dare zuwa biyu, ka fuskanci arewa. Kar ka karaya in ka ga wani abu fari-fari kamar hayaƙi, sau da yawa shi ne, ido baya ganin kala sosai cikin duhu, ɗauki hoto guda ka duba, in ya fito kore to tsaya nan. Mai waya ma ya sa naitmod, wato saitin hoton dare, ya jingina ta da wani abu, tana ɗauka.

Batir biyu ko uku, ka ɓoye su aljihun ciki kusa da jiki don sanyi na shanye caji nan da nan. In zaka koma ɗaki kuma ka ƙulle kyamarar cikin leda tun kana waje, ka bar ta awa guda kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa zata kwanta har cikin lens.