Kafin ka yarda a kwance maka kan inji

Jama'a, in motarku na yawan zafi tana shan ruwa, ku yi wannan gwajin kafin ku kashe kuɗi.

Da sassafe, inji na sanyi ƙalau, buɗe murfin lagireto. Cika shi da ruwa har baki. Tayar da mota ka zuba ido.

In ka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, ko ruwan na tsalle da ka ɗan taka totur, akwai alamar gaskit ɗin da ke ƙarƙashin kan inji ya ƙone. Shi ne ke raba wutar silinda da ruwa da baƙin mai. Da ya tsage, iskar silinda sai ta kutsa hanyar ruwa.

Zaro sandar gwada baƙin mai ma. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Amma in kwanan nan aka canza ruwan, iskar da ta maƙale kan yi kumfa na ɗan lokaci ta daina. Ƙaramar tsagewa kuma wani sa'in sai inji ya yi zafi take nunawa. In ba kumfa, duba fanka da tiyo tukuna.

Don Allah kada ka buɗe murfin da zafinsa. Tururin kan saluɓe fata.