Kurakuran da ake yi idan sukari ya faɗi

Da zarar an ce wani a gida yana da ciwon sukari, sai a hana shi lemo, a hana shi zuma, kowa ya sa masa ido a kan shayi. Hawan sukari kowa ya iya tsoronsa. Faɗuwarsa kuwa, wadda kan kai mutum ga suma cikin ɗan lokaci, sai ka zagaye gidan kaf ba ka sami wanda ya san alamarta ba. Na gaji da ganin ana maimaita abu ɗaya.

Babban kuskuren shi ne yanke hukunci da ka. Mutum ya ji jiri, hannu na rawa, zufa mai sanyi na keto masa, zuciya na bugawa da sauri, sai a ce ai sukarin ne ya tashi, a miƙo masa ƙwaya ko ruwan shuwaka. Alhali waɗannan alamomin faɗuwa ne. A soki yatsa a gwada. Ƙasa da 70 sukari ya faɗi, ƙasa da 54 kuwa abin ya yi tsanani. Wasu na'urorin 3.9 suke nunawa a madadin 70, a takardun gwajin Nijar kuma za ka ga 0,70. Idan babu na'ura a kusa, a ɗauka faɗuwa ce a ba shi abu mai zaƙi.

Haka aka yi wa mahaifiyata a gidan suna. Ta sha glibenclamide, ƙwayar rage sukari, da safe ta fita ba ta karya ba. Wajen azahar ta fara magana ba kan gado, tana faɗa da jikoki, mayafinta sharkaf da zufa. Wata ta ce iska ce, aka kawo turare ana tofi. Wata ta ce a ƙara mata ƙwaya. Da na iso na gwada, ko 50 bai kai ba. Na dama sukari na ce, "Inna, daure ki shanye." Haba jama'a! Babu wanda ya hana addu'a, amma tsohuwa tana shan maganin sukari, ba ta ci komai ba tun asuba, a rasa mai tambayar me ta ci? A asibiti muka kwana ana yi mata ƙarin ruwa, domin wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki, sukarin kan sake faɗuwa bayan an ɗaga shi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda.

Abin da ake bayarwa ma ana kuskure. Ƙosai, gyaɗa, tsire da cakulan duk suna da mai, ba sa ɗaga sukari da wuri. Giram 15 na sukari ake so: cokali babba ɗaya na sukari ko zuma, ko ƙwaya uku na sukarin kwali, ko rabin kofin lemon kwalba, ban da wanda aka rubuta babu sukari a ciki. A jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a ci abinci sosai. Ni dai sukarin kwali nake ƙulle wa Inna a leda, ɗaya a jakarta, ɗaya ƙarƙashin matashi.

Wanda ya suma kuwa, don girman Allah kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe ya wuce masa huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a tafi da kwalin maganinsa.

Sai azumi. Na sha jin "saura awa ɗaya a sha ruwa, bari in daure." Likitoci sun ce in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya, ko da minti goma ya rage. Mara lafiya yana da rangwame a addini, kuma sukar yatsa don gwaji ba ta karya azumi. Tun kafin a ga wata a je wa likita ya gyara lokacin magani.

Ƙananan kurakuran suna da yawa. Gwaji da hannun da ya taɓa dabino ko mangwaro yana nuna sukari ya hau alhali bai hau ba, a wanke hannu a bushe. Takardun gwajin da ake ɗiga jini a kai suna lalacewa in an bar robar a buɗe ko a cikin mota da rana, kuma suna da wa'adi. Yin allurar insulin tun abinci bai sauka daga wuta ba ganganci ne. Mai tuƙa mota ko babur, da mai fita noma, su gwada kafin su tashi.

Wasu kuma in suka tsorata sai su watsar da magani gaba ɗaya. Kada a yi haka. Ni ɗan littafi nake ajiyewa, ina rubuta rana da lokaci da lambar da na'ura ta nuna da abin da Inna ta ci, ranar ganin likita in miƙa masa. Da wannan littafin aka canza mata ƙwaya.